Taswirar Unguwa a Hannun 'Ya'yan Unguwa



A shekarar 2012, yara 122 aka tabbatar cutar shan inna ta kama a Najeriya, fiye da rabin duk waɗanda ta kama a duniya a waccan shekara, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ma'aikatan rigakafi suna fita, suna bi gida-gida, suna dawowa da rahoton sun gama yankinsu, amma cutar ba ta daina ɓulla ba. Dalilan suna da yawa, wasu ma kowa ya san su, kamar ƙin yarda da wasu iyaye suka yi. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wato taswirar da ma'aikatan ke aiki da ita. Da hannu ake zana ta a farar takarda, gwargwadon abin da mai zanen ya tuna. Ƙauyen da bai sani ba, babu shi a takarda. Rugar da ta faɗo tsakanin gunduma biyu, wannan ya ɗauka ta wancan ce, wancan ya ɗauka ta wannan ce, sai a shekara ba wanda ya leƙa ta.

Daga nan aka juya ga hotunan tauraron ɗan'adam, a Kano da sauran jihohin Arewa. Hoton ya nuna kowane rufi, kowane shinge, har da 'yan bukkokin da ke can gefen daji. Amma hoto ba ya faɗin sunan gari. Ba ya faɗin wane dagaci ke riƙe da shi, ko hanyar zuwa tana biyuwa da damina. Dole aka tura matasa a kan babura, kowa da waya a hannu, su je su tsaya a tsakiyar gari, su yi sallama, su tambayi suna, su danna waya ta riƙe wurin. Bayan haka aka riƙa ba masu ɗigon rigakafin wayoyi su sa a aljihu, wayar tana rubuta sawunsu, da yamma a ɗora sawun a kan taswira a ga lungun da aka shiga da wanda aka tsallake. A 2014 yara 6 cutar ta kama. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ba taswira kaɗai ta yi wannan aiki ba, sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida sun yi rawar gani, amma taswirar ce ta nuna musu inda ba su taka ba.

Jama'a, wannan aiki da na ba ku labarinsa, shi ne darasin labarin ƙasa. Abin da matasan nan suka yi a kan babura, ɗalibin aji biyu na babbar sakandare zai iya koyonsa a zango ɗaya. Ra'ayina a yau shi ne: mu daina koya wa yaro labarin ƙasa yana zaune. Mu ba shi waya da takarda, mu fitar da shi ya zana taswirar unguwarsu da ƙafarsa.

Mu leƙa aji mu ga yadda abin yake yanzu. Jadawalin jarrabawar WAEC ya ƙunshi karatun taswira, ya ƙunshi sharar fagen aikin safiyo, har da tsarin haɗa taswira da bayanai a kwamfuta, wanda ake kira GIS. A takarda ba a bar mu a baya ba. To amma a yawancin makarantunmu malami ne zai rubuta ma'anar GIS a allo, ya jero sassansa, yara su kwafe, su haddace, su zuba a ranar jarrabawa, ba tare da sun taɓa ganin abin yana aiki ba. Taswirorin da ake koyon karatu da su kuwa, da yawansu tun shekarun 1960 aka zana su, kuma na garuruwan da yaron bai taɓa takawa ba ne. Zai iya lissafa maka gangaren wani tsauni a takarda, amma bai san dalilin da ya sa layinsu ke cika da ruwa na bayansu ya bushe ba. Ban ga laifin malami ba. Shi ma haka aka koyar da shi, ga ɗalibai sun yi masa yawa, ga shi ba a ba shi ko kwabon fita da su ba.

Kada kuma wani ya ɗauka sanin ƙasa baƙo ne a wurinmu. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 yana neman sanin inda kogin Kwara ya nufa, a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka zana masa taswirar ƙasashen nan da kogunansu, aka kuma buga ta a Landan a 1826. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san kowane zango da kowace mashaya a hanya, madugu yana riƙe da su a ka. Tafiya ce ta koya musu. Abin da zamani ya ƙaro shi ne hanyar rubuta abin da ƙafa ta gano, ta yadda wani zai amfana da shi.

Kayan aikin ma sun yi araha fiye da yadda ake zato. Kusan kowace wayar zamani tana da GPS. Taurarinsa suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kuma da zarar waya ta ji saƙon huɗu daga cikinsu, za ta faɗa maka inda kake tsaye. Wannan ba ya cin data, ba ya bukatar sabis. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin, kuma a da da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, sai a watan Mayun 2000 suka daina. Tun daga lokacin, wayar hannu a fili tana iya kama wuri da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba. Hotunan tauraron Landsat, waɗanda aka fara ɗauka tun 1972, kyauta ake ba da su tun 2008. Na Sentinel-2, tauraron Turai, su ma kyauta ne. Google Earth yana barin ka ja hoton wuri baya ka ga yadda yake a shekarun da suka wuce. Manhajar QGIS, wadda ƙwararru ke aiki da ita, ba a sayenta. Manhajojin KoboToolbox da ODK suna ba ka damar shirya tambayoyi a waya, ka cika su a dajin da babu sabis, in ka dawo gari ka tura. Sai kuma OpenStreetMap, taswirar duniya da aka kafa a Ingila a 2004, wadda kowa ke da ikon ƙara titi ko rijiya ko makaranta a cikinta.

Bari in kwatanta yadda zango guda zai kasance a wata makaranta a cikin birnin Kano, a kan batu ɗaya tak: kududdufi.

Duk wanda ya tashi a cikin badala ya san kududdufai. Ramuka ne da aka haƙa shekara da shekaru ana ɗibar ƙasar gini, da damina su tara ruwan unguwa. Bajamushen nan Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya hau Dala ya ƙare wa gari kallo, kuma a taswirar birnin da ya zana ga Jakara nan kwance a tsakiya. A 'yan shekarun nan an cike kududdufai da yawa da shara, an yi gini a kai. Ruwa kuwa bai san an sayar da fili ba, inda ya saba zuwa nan yake nema.

Makon farko, malami ya buɗe wa ɗalibai tsohon hoton unguwa da na bana, su ƙirga kududdufan da ke nan da waɗanda suka ɓace. Mako na biyu a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni waya ɗaya da littafi ɗaya, su je wurin da kansu. Nan aikin yake. Za su tsaya inda hoto ya nuna ruwa a da, su tarar da shago ko gida. Za su gaida dattijon da ke zaune a ƙofar zaure su ce, “Baba, don Allah nan da can mene ne?” Shi zai ba su sunan kududdufin, ya gaya musu shekarar da aka fara cike shi, ya nuna musu da sanda inda ruwa ke bi in an yi mamako. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan bayani babu tauraron da ke da shi. Washegarin ruwan sama su sake fita su bi lambatu: ina ta toshe, me ya toshe ta, ina ruwa ya kwanta, ya kai idon sawu ko gwiwa, gida nawa ya shiga. Kowane wuri su danna waya, su ɗauki hoto, su rubuta.

In suka dawo aji aka zuba ɗigogin nan a kan taswira, sai abubuwan da ake haddacewa su fara ma'ana. Layukan nan masu nuna tudu da kwari, waɗanda ɗalibai ke tsoro a jarrabawa, yanzu yaro ya san su da ƙafarsa, domin ya hau tudun ya gangara kwarin. Ma'aunin taswira ya daina zama lissafin wahala, domin ya taka layin ya san tsawonsa. Sai malami ya ja hoton baya a hankali, unguwa ta ƙanƙance, birni ya bayyana, a ga Jakara, a ga Challawa, a ga madatsar Tiga, a bi kogin Haɗeja har dausayin Nguru, inda ruwan ke haɗuwa da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Yaron da ya fara daga kwatar ƙofar gidansu ya isa iyakar ƙasa huɗu bai ɓata hanya ba. Ni a ganina haka ya kamata a jera darasin, daga gida zuwa duniya.

An gwada irin wannan a wasu wurare kuma ya yi amfani. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, daga 2015, ɗaliban jami'a tare da mutanen unguwanni sun bi magudanan ruwa na yankunan da ambaliya ke addaba, suka zana su a OpenStreetMap a ƙarƙashin shirin Ramani Huria. A Kibera ta Nairobi, matasan unguwar ne da kansu suka zana ta a 2009, bayan ta daɗe tana fitowa a taswira tamkar fili. Mu da muka ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan amfanin sanin inda ruwa zai bi.

Ɗalibin karkara ma ba a bar shi ba, kai, fagensa ya fi faɗi. Manomi yana da sunan kowace irin ƙasa: jigawa, dabaro, jangargari, fako, fadama. Yara su bi gonaki da izinin masu su, su rubuta wace ƙasa ce a ina, me ake shukawa a cikinta. Su auna zurfin ruwan rijiyoyin gari wata-wata, tare da babba a kusa, su ga yadda yake ja baya daga kaka zuwa bazara. Su kafa gwangwanin awon ruwan sama a filin makaranta. Su bi burtali su ga inda yake da faɗi da inda gona ta cinye shi har ya zama ɗan siririn layi. Yaron da ya auna burtali da kansa zai fahimci rikicin manoma da makiyaya fiye da wanda ya ji shi a rediyo.

A nan zan ja kunnen masu ɗokin na'ura, domin akwai su. Wasu suna ganin da an kawo kwamfutoci an jera a ɗaki, an gama. Yaro ya zauna yana jujjuya duniya da yatsa, yana leƙa Makka da Landan, abin sha'awa ne, amma har yanzu a zaune yake. Hoto daga sama yana ruɗi in ba a bi shi da ƙafa ba. Ku dubi abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, labarin da duniya ta riƙe shi ne hamada tana cinye ƙasar. A daidai lokacin manoman Maraɗi da Damagaram suna barin tohon itatuwa a gonakinsu, suna yi masa sassabe suna renonsa, musamman gawo. Shekaru aka yi manyan ofisoshi ba su lura ba. Sai da masu bincike suka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraro, suka kuma sauka suka taka gonakin, aka gane cewa an farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo kuwa, kowane ɗan ƙauye ya sani, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda bai san haka ba, in ya ɗauki hoton watan Agusta ya ce zai ƙirga gawo, zai yi kuskure. Ɗan manomin da ke ajinmu ya riga ya san wane wata zai duba. Ilimin da ya zo da shi daga gida jari ne, kada makaranta ta raina shi.

Tun kafin wayoyin nan, masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan Arewa, kuma ya nuna cewa a karkarar Kano mai cunkoson jama'a manoma ne ke riƙe da itatuwa da ƙarfin ƙasa. Zama da mutane da yawan tambaya suka kai shi ga wannan.

Akwai kuma darasin da na fi so a koyar tun ranar farko. A tsayar da ɗalibai biyar a wuri ɗaya, kowa ya karanto lambobin da wayarsa ta ba shi. Ba za su zo daidai ba. A shiga ƙuntataccen lungu tsakanin dogayen katangu, bambancin ya ƙaru. Daga nan yaro ya gane na'ura tana kuskure, kuma duk adadin da aka ba shi yana da ikon tambaya: wa ya auna, yaushe, da me? Misali, ana yawan cewa Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari. Gaskiya ne ya ragu daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Amma daga baya ruwan ya ɗan dawo, wani sashensa kuma yana ƙarƙashin ciyayi inda hoto ba ya ganinsa da sauƙi. Ɗalibi zai iya jera hotunan Landsat shekara-shekara ya duba da idonsa. Ƙasar da ke da matasa masu irin wannan tambaya, da wuya a yaudare ta da alƙaluma.

Na san abin da shugaban makaranta zai ce: babu wuta, babu kuɗi, kuma mun hana shigowa da waya. Wayoyi shida mallakar makaranta, a kulle a ofis, a fito da su ranar fita, sun ishi aji guda. Ƙaramin faifan sola zai yi musu caji. Kwamfuta ɗaya ta malami ta isa a haɗa aikin. In ma babu ko ɗaya, a buga hoton unguwa daga sama a babbar takarda a shagon kwamfuta, yara su fita da fensir su yi alama a kai. Ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya ɗaukar wannan nauyi.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne tsaro, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Akwai yankunan da ba za a fitar da yara ko nan da can ba a halin da ake ciki, kuma ran yaro ya fi kowace taswira. A irin waɗannan wurare a tsaya a harabar makaranta da layukan da ke kewaye da ita. Inda ake iya fita, a fara da takardar shugaban makaranta zuwa ga mai unguwa ko dagaci, a sanar da jami'an tsaro, yara su sa kayan makaranta, malami yana tare da su. A kuma koya musu cewa ba komai ake sa wa a taswira ba. Ba a ɗaukar hoton barikin soja ko ofishin 'yan sanda. Ba a rubuta sunan mai gida, ko yawan shanunsa, ko abin da ke rumbunsa, domin a zamanin satar mutane wannan bayani makami ne. Ba a shata iyakar gonar da ake jayayya a kanta. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa. Amanar bayanan mutane wani ɓangare ne na darasin, kuma ya kamata a ba ta maki.

Kada a bar 'yan mata a aji a ce fita ta maza ce. A garuruwanmu, inda aka rubuta “ba shiga” a ƙofar gida, ɗaliba ce za ta wuce zaure ta gaida matan gida, ta ji daga ina suke samun ruwa, nawa suke sayen jarka, wane wata rijiyar gida ke ƙafewa. Rabin labarin ruwa a unguwa yana cikin gida.

Sana'a ce kuma mai ci. Hukumomin filaye na Kano da Kaduna da Abuja sun koma aiki da taswirar kwamfuta. Najeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, da hotunan tauraro take bibiyar damina da amfanin gona a ƙasashen Sahel. Ma'aikatun lafiya, kamfanonin sadarwa, masu aikin agaji, duk suna neman wanda ya iya wannan aiki. In ba mu koya wa yaranmu ba, daga wani wuri za a riƙa ɗauko masu zana mana garuruwanmu, su rubuta sunayen ƙauyukanmu yadda kunnensu ya ji.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangare uku. Kwalejojin horar da malamai, kada ɗalibin labarin ƙasa ya karɓi takardar shaida sai ya zana taswirar wata unguwa daga tattara bayani har kammalawa. Sassan labarin ƙasa na jami'o'inmu, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai, ku tura ɗalibanku na ajin ƙarshe makarantun sakandare na kusa da ku, su yi mako guda da malamai a lokacin hutu. Ma'aikatun ilimi kuma ku ware wa aikin fita maki na sosai a cikin gwajin zango, domin abin da babu maki a kansa, ɗalibi da malami duka ba sa ba shi lokaci.

In an gama taswirar, kada ta ƙare a durowar malami. A buga ta babba, ɗalibai su kai wa mai unguwa kwafi, su kai wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma kwafi, su tsaya a gabansu su nuna lambatun da ta toshe da famfon da ya lalace. Kwafi na uku a ajiye wa ajin baɗi, su fara daga inda na bana suka tsaya, su sake auna rijiyoyin nan, su sake ƙirga kududdufan nan, a rubuta kwanan wata a kan kowane awo.